Fiyano Mai Giɓi

A Jekadafari, bayan shagon mai wankin hula,
akwai ɗakin da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai.
Nan Bappa Gidado ke zaune da fiyanonsa,
farinsa ya koma ruwan ƙasa,
haƙori ɗaya ya mutu tun ina firamare.
In ka danna shi ba ya waƙa, sai dai ya ce ƙwas.

Shekara biyu ina share ɗakin nan,
ina naɗe waya, ina ɗauko man janareto a galan,
ina satar kallon yatsunsa.
Da waken gonarmu ta Kumo ya yi daraja
Inna ta kwance bakin zane ta ƙirgo min rabona,
ta ce kar in dawo mata da labari.

Kwana huɗu ina zarya a kasuwa.
Ga fiyano ɗan Kwatano, nauyinsa rabin buhun gero,
ga kwamfuta siririya da Sale mai gyara
ya rantse ya cusa mata manhaja
mai makaɗa dubu a ciki, babu mai neman kuɗin shayi.
Taura biyu ba ta taunuwa.
Na rungumo kwamfuta.
Bappa bai ce uffan ba, ya dai gyara zaman tabarau.

Daren farko allon ya buɗe min
kamar takardar gwajin asibiti,
layi kan layi, akwati cikin akwati.
Na ƙona data ina bin bakin wani Bature
yana cewa abin da sauƙi,
ina mayar da shi baya har sau tara.
Sati uku ina zaɓen ganga.
Ganga ɗari huɗu, ban buga ko ɗaya ba,
kamar wanda yunwa ta kayar a cikin rumbu
yana auna damin da ya fi tsayi.

Amma in an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit,
fiyanon Bappa ya zama benci,
tawa tana nan da ɗan haskenta a cinyata.
In na yi kuskure, yatsu biyu su goge laifina.
Fiyano ba ya yafiya.

Ranar da na gama kiɗana na farko
na jona lasifika, zuciyata na dakan lugude.
Ya saurara har ƙarshe, ido rufe.
Ya ce, ɗana, komai ya zauna daidai,
shi ya sa ban ji kowa a ciki ba.
Ya jawo hannuna ya ɗora kan mataccen haƙorin.
Shekara ashirin, in ji shi, ina tsallake ramin nan,
tsallaken ne ake ji a gidan biki
a ce wannan Gidado ne.

Ban yi barci ba. Haushi na ji, ba wai darasi ba.

Bayan kwana biyu wata mawaƙiya daga Billiri
ta ce kiɗan ya yi wa muryarta sama.
Bappa ya naɗe hannun riga zai sake bugawa tun daga tushe,
aikin yini guda da man galan biyu.
Na ja linzami, na sauke shi kafin ruwan shayi ya tafasa.
Ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa tawa.
Sake yi in gani, ya ce.
Na sake. A hankali, ya ce.

Yanzu waya ɗaya ta haɗa su a kan tebur.
Da safe ina koyon tsallake, yatsuna na harɗewa,
da yamma yana kokawa da linzami
yana zagin kibiyar da ke ɓace masa.

Jiya da ya fita salla
na kanga makirfo a bakin giɓin,
na danna, na kama ƙwas ɗin nan,
na dasa shi a bayan ganga, ɗan nesa da layi.
Bai sani ba tukuna.
Ya dai tsaya a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa,
yana kaɗa kai.